Ƙasa Biyu a Buhu Ɗaya

"Wallahi Lalise, kika ƙara kira mini sunan Nazif, ruwan nan zan watsa miki."

Adada Makiya ce mai maganar, ƙanwar mahaifinta. Tana tsugune gaban baho tana wanke finjalai, kowanne ta ɗaga sai ta kife shi da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi.

"Adada, ni me na ce? Tambaya kawai na yi, ko sun iso."

"Za su iso. Mai babur ai ba ya makara. In da Tofik ne, da tun safe mota na ƙofar gidan nan. Yaro ɗan gidan mutunci, ubansa ke da wurin wanke gahawa mafi girma a Gomma, ya yi ta sintiri har takalminsa ya siɗe. Ke kuwa kin nace wa mai yawo da buhu kamar ɗan bola."

"Tofik ba ni yake so ba. Tudun Abba yake so."

"To sai me? Ke ma ai a kan tudun kike. In ya ɗauki tudun ya ɗauke ki."

Shekarar Lalise ashirin da shida, ta ji irin wannan har kunnenta ya yi kanta. Ta ci gaba da baza ɗanyar ciyawa a tsakar ɗakin baƙi, kamar yadda ake yi in za a sha gahawa, tana yi tana leƙen hanya.

Duk wanda ya san ƙasar Gomma ya san Abba Garo, mahaifin Lalise, ya kuma san mutum ne mai wuyar sha'ani. Tudu guda yake da shi, gadon kakanni, gahawa ce a kai tun daga gindi har bisa, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Gahawar tudun nan ba ta kama da ta kowa. In ka kurɓa, ƙanshin furen lemo ke fara zuwa, daga baya wani zaƙi-zaƙi kamar na zuma ya zauna maka a maƙogwaro. Masu saye daga nesa suna zuwa nemanta da sunan tudun, shi kuma bai taɓa yarda an zuba ta buhu ɗaya da ta wani ba. Ko ta gonarsa ma rarrabe ta yake yi: ta bisa daban, ta tsakiya daban, ta bakin rafi daban.

Shi kuwa Nazif sana'arsa ke nan, haɗawa. Yana zaga ƙauyuka a babur, ya sayi kwano a nan, ya sayi tiya a can, ya juye duka wuri guda ya kai kasuwar garin Aggaro. Halak yake ci, babu mai musu. Amma a wurin Abba Garo, mai gauraya gahawa da mai zuba wa nono ruwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ga kuma abin da ya ƙara dagula lamarin. A kakar bana wani ya yi ta shiga gonar ta bakin rafi yana tsinke jajayen 'ya'ya tun kafin masu gona su fito. Ba a kama kowa ba. Abba Garo dai ya ce ɓarawo ba ya sata sai ya san mai saye, kuma kowa ya gane masu babur yake nufi.

Da Abba Garo ya ƙi maganar aurenta da Nazif, Lalise ta yi kuka, ta yi rashin cin abinci, ta daina magana da kowa sai gaisuwa. Abu ɗaya ne ba ta taɓa fasawa ba, gahawar safe. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke soya wa Abba, ita ke dakawa, ita ke zubawa, kuma ba ya shan ta hannun kowa. Ko biki ya je, sai dai ya riƙe finjali don kara.

Wata safiya, yana cikin sha, ya ce ba tare da ya dube ta ba:

"An ce uwar yaron nan na da 'yan bishiyoyi a bayan ɗaki, a ƙetaren rafi."

"E, Abba."

"Ya zo da kansa, da manyansa. Ya kawo mini gahawar ƙasarsu, ita kaɗai. Ko cikin tafin hannu ce. In na sha na ji ƙasa ɗaya, na ba shi ke. In na ji biyu, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan. Kin yarda?"

"Na yarda, Abba."

Yau ce ranar.

*

Da hantsi suka iso. Nazif na baya, sanye da farar riga da alama sabuwa ce, kansa a ƙasa. A gaba kawunsa ne, Abba Sambi, gajere mai tumbi da yawan fara'a, irin mutanen nan da ke fara dariya tun kafin su gama ba da labari. Sai dattawa biyu na unguwarsu.

Abin da ya fara faɗar wa Lalise da gaba shi ne buhun. Ta san bishiyoyin uwar Nazif, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Abin da ta sa rai ta gani ƙunshi ne a ɗankwali. Sai ga buhu guda, cike taf, mutum biyu na riƙe da shi.

"Abba Garo!" Abba Sambi ya ɗaga murya. "Ka ce tafin hannu, mu kuwa muka ce gidan girma ba a shigarsa da tafin hannu. Ga shi nan, albarkar gonar ƙanwata."

Abba Garo ya dubi buhun, ya dubi Nazif.

"Madalla. Lalise, ɗebi ki wanke."

Ta ɗiba a kwano ta zaga bayan ɗaki. Tana zuba ruwa tana murzawa, sai hannunta ya tsaya.

Ba sai an gaya mata ba. Ga ƙananan ƙwayoyi 'yan sirara, masu ɗan kore-kore, nan da can. Ga kuma manya masu faɗi, wasu sun yi fari, wasu na warin tsohon buhu. Irin wadda ake aunawa a bakin kasuwa ce. In aka zuba wannan a kasko, ƙananan za su ƙone manyan ba su ko yi ja ba, kuma a gaban Abba za a soya.

Ta gane yadda aka yi. Kunya ce ta kama Abba Sambi, ya ga ƙunshin ya yi kaɗan, ya cika buhu don a fita kunyar surukai.

Ta fara tsintar ƙananan da yatsa, suna suɓucewa.

"Lalise!" muryar Adada Makiya ta taso daga ciki. "Garwashi na mutuwa! Wanke gahawa kike ko wankan jego?"

"Ga ni nan, Adada!"

Hawaye suka cika mata ido. Ta tura kwanon ƙarƙashin gadon shanya, ta kife faifai a kai. Ta shiga rumbu da sauri. Jakunkuna uku na rataye, na shan gida. Ta bisan tudu Abba zai gane ta tun daga ƙanshi. Ta tsakiya ita yake sha kullum. Sai ta miƙa hannu ga ƙaramar, ta bakin rafi. Ai rafi ɗaya ne ya raba ta da gidan su Nazif, in ji zuciyarta, ƙasar kusan ɗaya ce. Bana ma Abba bai ko taɓa ta ba, don ganinta kawai ɓata masa rai yake yi.

Dabarar ta yi mata kyau ƙwarai a lokacin. Mai tsoro kowace dabara kyau take yi masa.

*

Ta zauna a 'yar kujera gaban baƙi, ta ɗora kasko. Ƙwayoyin suka yi ja tare, suka yi duhu tare, suka fara ƙara tas-tas. Ta ɗauki kaskon ta zaga da shi, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa.

"Kai, kai, kai!" in ji Abba Sambi. "Ka ji ƙanshi? Ban gaya maka ba?"

Shi kansa mamaki ne a fuskarsa, amma ya shanye.

Abba Garo ya shaƙa sau ɗaya.

Ta daka, ta zuba a jabana, tulun nan namu mai dogon wuya, ta jira ya tafasa ya kwanta. Adada ta sa turare a wuta, ta miƙa faifan gugguru. Lalise ta ɗaga jabana sama ta tsiyaya a finjalai, ko ɗigo bai zuba a gefe ba. Ta fara miƙa wa mahaifinta da hannu biyu.

Ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Ya haɗiye.

Ya sake kurɓa.

Sannan ya ajiye finjalin a kan ciyawa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Ƙasa ɗaya ce," ya ce.

Abba Sambi ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! To ai sai a..."

"Ƙasata ce."

Abba Sambi ya daina tafi.

"Abba Garo, wace irin magana ce wannan?"

"Wannan gahawar bakin rafina ce, ta ƙarƙashin itacen ɓauren nan. Ni na dasa ta da hannuna shekarar da aka haifi yarinyar nan. Ko a kabari aka ɗiga mini ita zan gane ta." Ya juya ga Nazif. "Wata guda ina neman wanda ke tsinke mini ita. Ashe har gida zai kawo mini, ya ce in ba shi 'yata tukwici."

Adada Makiya ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ba na faɗa ba? Ba na faɗa ba?"

"Abba Garo, ka ji tsoron Allah," in ji Abba Sambi, gumi na keto masa. In ya ce daga kasuwa ya sayo, ya tona kansa. In ya yi shiru, an kira ɗan ƙanwarsa ɓarawo. Sai ya zaɓi goge gumi.

Nazif ya ɗauki nasa finjalin ya kurɓa. Shi ma ɗan Gomma ne, harshensa ba na katako ba ne. Ba ta uwarsa ba ce, ba kuma abin da kawunsa ya cika buhu da shi ba ne. Ya ɗago ya dubi Lalise, kallo ɗaya. Ta sunkuyar da kai.

"Kai nake saurare," in ji Abba Garo. "Kai ka tsinka, ko saya ka yi a hannun wanda ya tsinka?"

Nazif ya ajiye finjalin.

"Abba, duk abin da ka ce na yi, na ɗauka."

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"To madalla. Makiya, aika a kira shugaban ƙauye. Yau kowa zai ji. In ga wanda zai ƙara sayar maka da ko kwano ɗaya a ƙasar nan."

Lalise ta san abin da hakan ke nufi. A Gomma ana yafe wa mashayi, ana yafe wa mai faɗa a kasuwa. Ɓarawon gahawa kuwa, har jikokinsa da sunan za a kira su. Aure ya tafi, sana'a ta tafi, uwarsa ma ba za ta ƙara ɗaga kai a bakin rijiya ba. Kuma ga shi zaune ya naɗe hannu, ya yarda a yi masa haka don kada a ce 'yar Abba Garo ta yi wa ubanta ƙarya.

Adada ta riga ta kai bakin ƙofa tana gyara mayafi, da saurinta kamar wadda aka aika karɓo kyauta.

"Adada, tsaya," in ji Lalise.

"Ke, rufe mana baki, manya na magana."

Lalise ta tashi ta fita. Ta dawo da kwanon nan, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ɗauke faifan.

"Ga abin da suka kawo, Abba. Wadda ka sha, ni na ɗebo ta a rumbunka."

Abba Garo ya leƙa cikin kwanon.

"Sake faɗa," in ji Abba Garo.

"Ni ce. Na ga a gauraye take, na san za ka gane, na ji tsoro. Abba, wallahi bai sani ba. Bai taɓa shiga gonarka ba. Ni ce na..." Kuka ya ƙwace mata. "Shekara nawa ina jira, Abba? Duk wanda ya zo ka ce bai yi ba, wanda ya yi maka ni bai yi mini ba. Na ga abin zai lalace a kan buhu, a kan buhu kawai! Na ce in na yi haka sau ɗaya, Allah zai yafe mini, kai kuma ba za ka taɓa sani ba."

"Ba zan taɓa sani ba."

"Ka yafe mini."

"Ke na koya wa soya. Ke na koya wa bambanta ta bisa da ta rafi tun ba ki kai tsawon turmi ba. Kika zuba mini tawa, kika miƙo mini da hannu biyu, kina kallon idona."

"Abba, ka doke ni in kana so."

"Ban taɓa dukanki ba."

Ya jawo kwanon gabansa. Ya dubi Abba Sambi, wanda tumbinsa ma kamar ya rage girma.

"Kai ka cika buhun?"

"Abba Garo, ka san halin zuwa gidan surukai. Abin ne na ga ya yi kaɗan, na ce kada a raina mu..."

"Kai fa?" ya ce da Nazif. "Kana wurin?"

"Ina wurin, Abba. Na ce masa kada ya yi. Ya ce ni yaro ne. Ban iya ja da shi ba."

"Kawunka ya ji kunyata, kai ka ji kunyar kawunka, ita kuma ta ji tsorona. Duk cikinku ba wanda ya yarda cewa da na ce tafin hannu, tafin hannun nake nufi."

Ya juye kwanon a faifai. Ya sa yatsa ya fara ware ƙwayoyin, ƙanana gefe guda, manya gefe guda. Bai yi sauri ba. Baƙi na zaune, gahawarsu ta huce a finjalai, ba mai ƙarfin halin kurɓa. Adada Makiya ta dawo ta zauna, ta rasa inda za ta sa idonta.

Da ya gama, abin da ya taru bai cika tafin hannun ba ma.

"Soya wannan."

Ta soya tana share hawaye da gefen mayafi. Ta daka. Abin da ya fito finjali ɗaya ne, shi ma bai cika ba.

Abba Garo ya karɓa ya kurɓa. Ya lumshe ido, ya daɗe.

"Bishiyoyin nan tsofaffi ne," ya ce. "Ba a taɓa sa musu taki ba sai toka da kashin shanu. Akwai ayaba kusa da su."

"Akwai, Abba," in ji Nazif a hankali.

"Uwarka ta iya shanya. Ba ta bari ta taɓa ƙasa ba." Ya shanye sauran. "Da wannan ka kawo mini a ƙullin ɗankwali, da tuni mun yi fatiha."

Ya ajiye finjalin.

"Na ce in na ji ƙasa ɗaya zan bayar. Na ji. Mutumin da zai yarda a kira shi ɓarawo don ya rufa wa 'yata asiri, ba zan ce bai isa ba. Abba Sambi, na ba ku. Ku je ku sa rana. Buhunku kuma ku tafi da shi."

Abba Sambi ya fara kabbara, dattawan suka ɗaga hannu. Lalise ta rarrafa za ta kama ƙafar mahaifinta, sai ya janye ƙafar kaɗan, kamar mai gyara zama.

Ba a tashi daga gahawa sai an sha zagaye na uku, wanda muke kira baraka, a kansa ake addu'a. Lalise ta miƙa hannu za ta ɗauki jabana.

"Bar shi," in ji Abba Garo. "Makiya, ke zuba."

*

Washegari Lalise ta tashi da sassafe kamar kullum. Ta yi salla, ta nufi madafa. Ƙusar da ake rataye kasko babu komai a kanta.

A tsakar gida ta same su. Adada Makiya na kan 'yar kujerarta, tana juya ƙwayoyi da ƙarfi tana tari, hayaƙi baƙi na tashi. Tun daga nesa Lalise ta ji ƙauri. Adada ba ta taɓa iya soya gahawa ba, kowa a dangi ya sani, har tsokanarta ake yi da shi.

"Ina kwana, Abba."

"Lafiya lau, Lalise. Kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Abba, ta ƙone. Bari in sake wata."

"Ki huta. Amarya ce ke yanzu, kina da shirye-shirye."

Ba faɗa a muryarsa, ba fushi. Da ma faɗan ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Adada ta zuba masa, baƙa ƙirin, har da gari-gari a sama. Lalise na tsaye tana kallo. Mutumin da ke mayar da finjali in wuta ta ɗan zarce, ya karɓa, ya kurɓa, fuskarsa ba ta canza ba. Ya shanye tas, ya miƙa wa ƙanwarsa finjalin.

"Ƙaro mini," ya ce.